Daga Adjamé zuwa Treichville: wa zai kai majinyaci asibiti, wa zai sa ido?

Wannan shi ne bayanin da muka yi a filinmu na kiwon lafiya, mun buga shi saboda wanda yana daji da shanu ranar, ko yana bakin iyaka yana jiran a buga masa takardu. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba. Sunayen unguwanni da na ma'aikatu mun bar su yadda suke a rubuce a allunan hanya, domin in ka je ka gane su.

Abin da ya jawo maganar shi ne kiran da wani ɗan'uwa ya yi mana daga Abijan. Fataucin shanu yake yi, yana sauke kaya a kasuwar dabbobi ta birnin. Mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki, aka yi jinya, aka sallame shi, likita ya ce a riƙa kawo shi ana duba shi. Tsohon yana kwance gidan mai masaukinsu a Adjamé, asibitin kuwa yana Treichville. Ɗan ya yi shatar wata mota, ya biya kuɗin wata guda cif, ya koma arewa sayen dabbobi. Direban ya zo sau biyu. Na uku ya turo ƙanensa da wata ƙaramar mota wadda tsohon ba ya iya shiga. Na huɗu wayarsa a kashe. Ranar ganin likita ta wuce, sai da aka yi makonni kafin a samu wata. Tambayar ɗan'uwan nan ita ce: wa zan kai wa ƙara?

Amsa ta gaskiya ba ta da daɗi. Babu takarda, babu shaida, ko lambar motar bai rubuta ba. Amma tambayar tasa ta buɗe mana ƙofar wani fanni da ba a cika magana a kansa ba, wato jigilar marasa lafiya wadda ba ta gaggawa ba.

Gaggawa daban, jigilar jinya daban

Da farko ka raba abu biyu. Akwai ciwon da ba ya jira: mutum ya faɗi bai san inda kansa yake ba, baki ya karkace nan take, hannu ko ƙafa ta saki, ƙirji ya riƙe, numfashi ya gagara, jini ya ɓalle wa mace mai ciki, ko haɗarin mota. Wannan ba wurin ciniki ba ne. A Kodebuwa lambar SAMU, masu taimakon gaggawa na likitoci, ita ce 185. Ta sojojin kashe gobara, waɗanda su ne suka fi zuwa wurin haɗari, ita ce 180. Ka sa su cikin wayarka yau, tun kafin ka buƙace su.

Na biyu shi ne wanda muke magana a kai. Majinyaci ne wanda an san ciwonsa, an san ranar da zai je, amma ba zai iya shiga motar haya kamar kowa ba. Mai wankin ƙoda ne, ko mai shanyewar jiki, ko wanda aka yi wa aiki aka sallame shi, ko mai ciwon daji da ke zuwa karɓar magani, ko tsohuwar da ƙafa ta ƙi, ko mai karaya da aka ɗaure. Ba mai mutuwa yau don mota ta makara. Amma in ta yi ta makara, wata da watanni, to a hankali ake rasa mutum, kuma ba wanda zai ce mota ce ta kashe shi.

Me ya sa Adjamé da Treichville

Wanda ya san Abijan ya san dalili. Adjamé ce mashigar baƙo. Nan manyan tashoshin mota suke, nan babbar kasuwa da titin Nangui Abrogoua da babban masallaci, nan yawancin mutanenmu ke samun masauki, daga mai shago har mai sayar da garba. Treichville kuwa tana ƙetaren ruwan Ébrié, can ne babban asibitin koyarwa, CHU de Treichville, kuma a harabarsa cibiyar ciwon zuciya ta Abijan take. A Treichville ɗin ne kuma cibiyar tsabtar jama'a ta ƙasa, INHP, inda ake allurar shawara da ta cizon mahaukacin kare, da cibiyar ƙarin jini ta ƙasa. Masu tarin fuka suna da cibiya a kowane ɓangare, CAT d'Adjamé da CAT de Treichville. Wanda aka tura gashin ciwon daji kuwa, cibiyar gwamnati ta wannan aiki tana Cocody.

Tsakanin Adjamé da Treichville bai kai kilomita 10 ba. Amma sai ka ratsa Plateau, ka hau ɗaya daga cikin tsofaffin gadoji biyu, ta Houphouët-Boigny da aka buɗe a 1957, ko ta De Gaulle ta 1967. Ƙidayar 2021 ta nuna birnin ya haura mutum miliyan 5, kuma da safe kamar duk kan gadojin nan suka nufa. Tafiyar da za ka yi cikin minti 20 da asuba tana iya cin sa'a guda ko fiye da ƙarfe 8. Da damina, musamman watan Yuni, in aka kwana ana ruwa, hanyoyin da ke kwari sai a hankali. Mai lafiya zai shiga bas ɗin SOTRA ya tsaya da ƙafarsa, ko ya matsu a woro-woro. Wanda aka cire wa ruwa lita biyu ko uku a injin ƙoda, jiri na ɗibarsa, ba zai iya ba.

Ƙafa uku na wannan aiki

Duk inda aka tsara jigilar majinyata a duniya, za ka tarar da mutum uku. Akwai mai ba da aikin, wanda ke cewa ga waɗanda za a ɗauka, ga sharuɗɗa, ga kuɗi. Akwai mai yin aikin, wato mai mota da direbansa. Sai mai sa ido, wanda ke duba ko an cika alkawari, kuma yana da ikon hukunci in ba a cika ba. Kamar murhu ne, in dutse ɗaya ya kauce tukunya ta kife.

Kai da ke loda shanu daga Ouangolodougou ko Ferkessédougou zuwa Abijan ka riga ka san wannan. Ba ka zuba dukiyarka a babbar mota sai ka duba tayoyi, ka san direba, kun yanke kuɗi gaban shaidu, sannan ka sa yaranka su bi motar. Abin mamaki, mutumin da ke yin wannan duka saboda shanu 30, in aka zo kan mahaifinsa sai ya miƙa kuɗi ga wanda ya gani a bakin asibiti, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara

A Ingila hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, ita ce ke biya. Wani nazari da ta fitar a 2021 ya nuna ana yin irin wannan jigila sau miliyan 11 zuwa 12 a shekara, ana kashe kimanin fam miliyan 460. Tun watan Yulin 2022 hukumomin lafiya na yankuna ne ke ba da kwangilar, su zaɓi ma'aikatar motocin asibiti ta gwamnati ko kamfani mai zaman kansa, sannan wata hukuma dabam, CQC, tana yi wa masu aikin rajista tana binciken su. Ba kowa ake ɗauka ba, sai wanda halin jikinsa ya cancanta. Masu zuwa wankin ƙoda ne aka yi wa alkawarin taimakon sufuri gaba ɗayansu.

Duk da haka tsari bai hana ɓarna ba. A watan Afrilun 2016, a yankin Sussex, aka ba wani kamfani mai suna Coperforma kwangilar wannan aiki. Shi kamfanin tsara tafiye-tafiye yake yi, ya rarraba ɗaukar majinyatan ga wasu ƙananan kamfanoni. Tun makonnin farko masu wankin ƙoda da masu ciwon daji suka yi ta jiran motar da ba ta zuwa. Kafin shekara ta zagayo an yanke shawarar karɓe aikin, aka mayar da shi hannun ma'aikatar motocin asibiti ta gwamnati a 2017. Darasin da ke ciki naka ne: ka san ko wanda kake ciniki da shi mai mota ne ko ɗan kamasho. Kuma ka lura, an iya karɓe aikin ne saboda akwai rubutacciyar yarjejeniya da masu ƙirga kowace tafiya.

A Faransa kuwa likita ne ke rubuta takardar sufuri, kamar yadda yake rubuta magani. Shi zai ce wannan a kwance za a kai shi, to sai motar asibiti mai ma'aikata biyu. Wancan yana iya zama, to sai ƙaramar motar jinya da suke kira VSL, ko tasi mai yarjejeniya da asusun inshorar lafiya. Kamfanin ba ya aiki sai da izinin hukumar lafiya ta yankin, kuma tafiyar da ta wuce kilomita 150 sai an nemi amincewar asusun tukuna.

Ko a yankinmu ba baƙon abu ba ne. A Mali tun shekarun 1990 aka kafa asusun haɗin gwiwa na kai mata masu naƙuda daga ƙauye zuwa babban asibiti. A wasu gundumomin Nijar an yi tsarin ƙara sefa 100 kan kuɗin ganin likita domin man motar asibiti. A jihohin arewacin Najeriya direbobin ƙungiyar NURTW sun yi aikin sa kai na kai mata masu ciki asibiti. Waɗannan duk na gaggawa ne, amma sun nuna jama'a na iya tara kuɗi su tsara mota.

To a Abijan fa?

Motocin da za ka samu iri huɗu ne. Akwai na SAMU, waɗanda aikinsu na farko gaggawa ne da kai majinyaci mai tsanani daga wani asibiti zuwa wani. Akwai motocin asibitoci da cibiyoyin lafiya na gwamnati. Akwai na asibitocin kuɗi da kamfanoni masu zaman kansu. Sai kuma abin da mafi yawan mutane ke shiga: tasi mai mita, ko motar da ake kira ta waya irin su Yango, ko motar wani ɗan'uwa.

Ta fuskar hukuma, ma'aikatar lafiya ce ke ba cibiyoyin lafiya masu zaman kansu izinin aiki, kuma a 'yan shekarun nan ta rufe asibitocin kuɗi da dama da ba su da takardu. Lafiyar motar kanta kuwa tana ƙarƙashin dokokin sufuri: takardar mallaka, inshora, da takardar binciken mota da ake kira bizit, irin wadda SICTA ke bayarwa. Tun Maris 2023 ƙasar ta fara lasisin tuƙi mai maki, wanda ake rage wa direba in ya yi laifi.

Akwai kuma inshorar lafiya ta kowa da kowa, CMU. An yi dokarta a 2014, aka fara amfana da ita ko'ina a ƙasar a watan Oktoban 2019, hukumar CNAM ke riƙe da ita. Kuɗinta sefa 1,000 ne, jaka guda, kan kowane mutum a wata, kuma ta shafi duk mazaunin ƙasar, har baƙo. A kan abubuwan da ta ƙunsa, asusun na biyan kashi 70 cikin 100, kai ka biya 30. In kana zaune a ƙasar ka yanki katin, kada ka jira ciwo. Amma kada ka shiga mota da zaton katin zai biya. Ka tambayi teburin CMU na asibitin tun kafin ranar, a gaya maka abin da ya shiga da wanda bai shiga ba.

Abin da duk wannan ke nufi shi ne, ga mai zuwa asibiti daga gida kowane mako, galibi dangi ne ke neman mota, su biya, su kuma bi sawu. Wato kai ne mai ba da kwangila, kai ne mai sa ido. Tunda nauyin ya faɗo kanka, gara ka san yadda ake ɗaukarsa.

Mataki na farko: likita ne zai faɗi irin motar

Kafin ka yi magana da kowane direba, ka yi wa likita ko ma'aikacin jinya tambaya huɗu. Majinyacin nan a zaune zai tafi ko a kwance? Yana buƙatar iskar oksijin a hanya? Sai da ma'aikacin jinya ko ɗan'uwa ya isa? Me zan gani a hanya in san abin ya zama gaggawa? In ba ka jin Faransanci ka tafi da wanda ke ji, kada kunya ta sa ka gyaɗa kai kan abin da ba ka fahimta ba.

Amsar nan ce za ta hana ka asara ta fuska biyu. Wani yana biyan motar asibiti mai tsada alhali tasi mai tsabta ta ishe shi. Wani kuma yana lanƙwasa mai aikin ƙashin baya a kujerar tasi don ya rage kuɗi. Araha ba ta ado.

Mataki na biyu: duba mota da mai ita

In motar asibiti ce, kada fenti da jiniya su ruɗe ka. Ka buɗe baya ka gani da idonka. Gadon yana da makulli da ke riƙe shi a ƙasan mota? Yana da bel na ɗaure majinyaci? An sauya zanen gado, an goge mota bayan na ƙarshe da aka ɗauka? Wace cibiya ko wane kamfani ne ke da ita, kuma ina ofishinsu? Wanda zai zauna da majinyacin ma'aikacin lafiya ne ko yaron mota ne aka sa wa farar riga? Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

In ana buƙatar oksijin, ga lissafin da kowane ɗan kasuwa zai iya. Ka ninka girman tukunyar da lambar da agogonta ke nunawa, ka raba da abin da likita ya ce a ba shi a minti. Tukunya mai lita 10, agogo na nuna 150, ka samu lita 1,500. In ana ba shi lita 3 a minti, minti 500 ke nan, sa'a 8 da ɗan ɗoriya. In agogon na nuna 30 kuwa, minti 100 kacal ya rage. A cunkoson gada wannan ba abin wasa ba ne. Kuma ba sigari, ba ashana kusa da tukunyar.

In tasi ce ko motar gida, ka duba inshora da bizit, ka duba ƙofa na buɗewa sosai, bayan mota zai ɗauki keken majinyaci.

Mataki na uku: a rubuta

Ba sai da lauya ba. Takarda ɗaya ta isa, da Faransanci ko da Hausa ko da ajami, kowa ya riƙe tasa, shaidu biyu su sa hannu. A rubuta sunan direba da lambar wayarsa da lambar mota. A rubuta ranaku da ƙarfe nawa zai iso ƙofar gida, ba ƙarfe nawa zai taso ba. A rubuta kuɗin zuwa da dawowa, da ko kuɗin jira na ciki. Wannan na jira shi ya fi haddasa rigima, domin wankin ƙoda kaɗai sa'a 4 ne, layin ganin likita kuwa ba mai iya cewa. A rubuta wanda zai taimaka wajen sauko da majinyaci in a bene yake. A rubuta abin da za a yi in mota ta lalace: wa zai zo a madadinsa, da wace mota, kuma ya sanar tun dare. A ƙarshe a rubuta cewa ranar da bai zo ba babu kuɗi, in ya saɓa sau biyu an raba gari.

Kada ka biya kuɗin wata gaba ɗaya. Ka ba da ɗan kafin alƙalami, sauran a biya mako-mako. In ka tura ta waya, Wave ko Orange Money, saƙon ya zama shaida. In kamfani ne ka karɓi rasit mai hatimi.

Ka yi lissafin shekara tun farko, kada na yini ya yaudare ka. Mai wankin ƙoda sau 2 a mako zai je sau 104 a shekara, mai sau 3 zai je sau 156. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, zuwa da dawowa jaka 5 ne. Sau 104 ya zama sefa 520,000. Ka ga kuɗin sa ya tafi a mota kaɗai, ban da magani da gwaji. Wani lokacin in ka auna, kama ɗaki kusa da asibitin ya fi sauƙi. Wani lokacin kuma ka tambayi likita ko akwai cibiya mafi kusa da masaukinku da za a mayar da ku.

Mataki na huɗu: sa ido

Ka sayi ƙaramin littafi na makaranta. Kowace tafiya layi ɗaya: kwanan wata, lokacin da mota ta iso, lokacin da aka isa asibiti, lokacin dawowa, abin da aka biya, da duk abin da ya faru. Wanda ke raka majinyaci shi zai riƙe. In kana tafiya fatauci, a ɗauki hoton shafin a turo maka duk Juma'a. Abin da manyan hukumomi ke yi da kwamfuta ke nan, kai za ka yi da biro.

Ka kuma tambayi majinyacin kansa, ku biyu, ba gaban direba ba. Baba, yana gudu da kai? Yana yi maka tsawa? Yana ɗaukar wasu fasinjoji a hanya? Dattawanmu ba sa son kai ƙara, sai su ce lafiya lau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ka zauna ka saurara. In mace ce majinyaciyar, a sa 'yar'uwarta ta riƙa raka ta.

Mai rakiya ya san 'yan abubuwa. Mai wankin ƙoda, hannun da aka yi masa hanyar allura ba a danne shi, ba a jan shi da shi, ba ya ɗaukar kaya da shi. In wurin ya ɓalle da jini a danna da tsumma mai tsabta a juya asibiti. Kuma tsallake ranar wanki ba ƙaramin abu ba ne, ruwa na taruwa har ya kai huhu. In mota ba ta zo ba a nemi wata nan take, a kira cibiyar a sanar. Mai tarin fuka da bai daɗe da fara magani ba ya sa takunkumi, a buɗe tagogin mota, kuma a gaya wa direba gaskiya. Maganin wata 6 ne aƙalla, kada wahalar mota ta sa a yanke.

In an cuce ka, ka san ƙofar da za ka buga. Motar asibiti ce, ka je wurin shugabannin asibitin ko ofishin jin daɗin jama'a na ciki. Motar waya ce, ka shigar da ƙorafi cikin manhajar. Kuɗinka aka cinye, takardarka da shaidunka su ne za ka kai gaban 'yan sanda ko gaban sarkin al'ummarku.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Mutum ɗaya da majinyaci ɗaya ba shi da ƙarfin ciniki. Ƙungiya tana da shi. A Adjamé da Treichville akwai ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, da na 'yan kasuwa, da kwamitocin masallatai, kuma da yawansu sun saba tara kuɗin kai gawa gida. Me zai hana a tara na kai mai rai asibiti? Mutum 200, kowa sefa 500 a wata, jaka 100 ke nan. Da wannan za a iya yin yarjejeniya da direbobi biyu amintattu, a haɗa majinyata biyu ko uku masu rana ɗaya cikin mota ɗaya, ban da mai cuta mai yaɗuwa.

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: mai riƙe kuɗi daban, mai zaɓen direba daban, mai duba littafi daban. Kuma direban kada ya zama ɗan shugaban ƙungiya, don ranar da ya saɓa ba mai iya buɗe baki. A karanta lissafi gaban jama'a duk wata. A kuma yanke tun farko wa ya cancanta, bisa maganar likita, ba bisa wanda ya fi kusa da manya ba.

In za a mayar da majinyaci gida

Da yawa cikinku tambayarku ke nan. Jiki ya yi nauyi, tsoho ya ce a kai shi gida. Daga Abijan zuwa iyakar Burkina Faso ta Ouangolodougou tafiyar kusan yini ce, daga nan a bi Bobo-Dioulasso da Wagadugu kafin a doshi Yamai. Ta gabas kuwa sai Noé, a shiga Gana, Togo, Benin, kafin Najeriya. Kwanaki ne a mota, ba sa'o'i ba.

Kada a tashi sai likita ya ce jikin zai ɗauki tafiyar. A karɓi takardar bayanin jinya da sakamakon gwaje-gwaje. A riƙe magani na kwanakin hanya da ƙari, tare da takardar likita, saboda masu bincike a iyaka. A riƙe katin shaida da katin allurar shawara. Mai wankin ƙoda kada ya taso sai an tabbatar da gurbi da rana a cibiyar da za shi. A tambayi mai mota tun farko: takardunsa sun ba shi damar ƙetare iyaka, ko a can za a sauya mota, kuma wa ke jira a ƙetaren? Wanda ke kwance a riƙa juya shi duk sa'a 2 saboda gyambon kwanciya, wanda ke iya taka ƙasa a riƙa tsayawa ya motsa ƙafa. A tambayi direbobin da suka zo jiya halin tsaron hanya, a guji tafiyar dare.

Ɗan'uwan da ya kira mu ya sake kira bayan shirin. Ya ce mai masaukinsu ya haɗa shi da wani direban tasi da ke sallah a masallacinsu, sun rubuta takarda gaban liman, ana biya duk Asabar, ƙanwarsa ce ke riƙe da littafi. Suna fita bayan sallar asuba kafin gada ta cika. Kuɗin da ya ɓata na farko bai dawo ba, amma tsohon bai sake rasa ranarsa ba.

Mai tambaya kan wannan batu ya aiko ta hanyar da aka saba, za mu amsa a fili na gaba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya kai matafiya gida lafiya.